Kai Ba Ya Tafiya Shi Kaɗai

Daga yatsun ƙafa Tsuru ta fara, kamar yadda ake yi. Ta jera su a gindin tulun ajiyar ƙashi, ta bi da ƙwauri, da cinya, da ƙugu, haƙarƙari bayan haƙarƙari, don matar ta samu ta zauna daram. Babu safa a hannunta. Ɗakin ajiyar gidan tarihin ya gauraye da warin giyar shinkafa, wadda ta goge kowane ƙashi da ita.

Shekara talatin da ɗaya ke nan tana kula da ƙasusuwan nan. A takarda, sunan matar Lamba Sha Huɗu. A wani kogo na bakin teku aka tono ta, an ce ta shekara ɗari shida a kwance. Tsuru kuwa Yaya take ce mata, kuma kullum sai ta gaishe ta kafin ta taɓa tsintsiya.

To, sai ga takarda daga Tokyo. Masu bincike na son ƙoƙon kan, su huda bayan kunne su ɗebi garin ƙashi. Kan kaɗai. Har ɗan akwati suka aiko, daidai shi, mota kuma za ta zo ƙarfe uku.

Ta ɗora kan a sama ke nan sai ga Dakta Seishin Kyan, shugaban gidan, ya shigo da akwatin a hammata. Ya shaƙi iska, ya tsaya cik.

"Goggo Tsuru! Giya? Da hannunki tsirara? Sau nawa na ce kada a taɓa kan nan?"

"Da me aka wanke kakarka, Seishin? Da ruwan famfo?"

"Nan fa wurin aiki ne."

"Af, na manta. Yallaɓai." Ta goge hannu a jikin riga. "To Yallaɓai, ka taɓa ganin mutum ya hau jirgi ya bar ƙafafunsa a gida? In za ta je Tokyo, duk za ta je. In ba haka ba, ta zauna."

"Watanni shida ne kawai, su dawo da shi."

"Haka suka ce da na Lamba Tara. Lokacin kai ko gemu ba ka yi ba. Je ka duba, har yau wuya ne a sama."

Dakta Kyan ya ajiye akwatin da ƙarfi. Ya ce takardar ta fi ƙarfinsa, ya ce ilimi ne, ya ce in ba ta fito da kan ba, ta ba shi makulli ta tafi gida, kada ta dawo. Kun san mai kaza a aljihu ba ya jimirin as, amma Tsuru ko gezau. Ta cire igiyar makullin daga wuyanta, ta ɗora a kan akwatin.

"Ga shi. Dankalina ma na jiran noma. Amma ni ba zan cire mata kai ba. Kai ka cire."

Ya sa safar hannu, fara fat. Ya matso bakin tulun.

A tsibirinmu, in an buɗe kabari bayan shekaru don wanke ƙashi, aikin mata ne. Namiji iyakarsa ya tsaya da baƙar laima, ya tare wa mamaci rana. Dakta ya sani sarai, don shi ya riƙe laimar ranar da aka wanke kakarsa, ya dawo hutu daga jami'a, uwarsa na ce masa ya karkato ta nan.

Hasken taga ya sauka a kan goshin matar. Bai san lokacin da ya gusa ya tare shi da kafaɗarsa ba.

"Ai ka iya," in ji Tsuru.

Ya daɗe a tsaye, hannu a sama. A waje mota ta yi oda, ta sake yi. Ya tuɓe safar, yatsa bayan yatsa, ya ɗauki wayar bango, ya kira Tokyo.

"Kyan ne. E, motar ta iso. A'a, ba zai samu ba." Ya saurara, kunnuwansa sun yi ja. "Bai ɓata ba, ranka ya daɗe. Yana wurin mai shi."

Tsuru ta ɗauko murfin tulun da hannu biyu.

"Ja labulen nan, Seishin. Rana na damun Yaya."

Makullin kuwa yana nan a kan akwatin. Babu wanda ya dube shi.