Kai Take Nufi ko Ku?

Tukunya na tafasa a kan wuta, takardun jarrabawa sun cika tebur, Malama kuwa tana tsaye a bakin ƙofa, hannunta ɗaya a kan mariƙi don kada Baba Direba ya shigo ya zauna.

"Ba zan daɗe ba, 'yata," ya ce yana laluben wayarsa. "Yarinyar ce ta aiko da murya."

Dattijo ne maƙwabcinta, ƙofarsu na kallon juna a saman bene. Tun da ya ajiye tuƙin bas yake zaune da ɗansa da surukarsa da yaransu. 'Yarsa tana aure a wata ƙasa mai nisa, jikar da ta haifa masa kuma ba ta jin komai sai Turanci. Dalilin da ya sa ke nan, da furfurarsa, yake zuwa wurin Malama da yamma tana koya masa.

Da wakilin suna suka fara, kamar yadda take fara wa ɗalibanta. Ya riƙe I da we. Ya riƙe mine da yours, har yana nuna kujerarta yana cewa mine don ya tsokane ta. Who da which sun ba shi wahala. Amma you ce ta tsaya masa a rai.

"Wannan yare ba shi da kunya," yakan ce. "Uba you, jariri you, taron jama'a you. Ina kai, ina ke, ina ku?"

A ranar ya danna wayar, wata siririyar murya ta ce, "I miss you so much." Malama ta ɗaga masa hannu ya tsayar.

"Cewa ta yi tana kewa sosai. Shi ke nan."

"Na gane wannan. You ɗin nake tambaya. Ni take nufi, ko mu duka gidan?"

Ƙauri ya fara tasowa daga kicin. Kanta na sarawa tun safe.

"Baba, sau nawa zan faɗa maka? Turanci bai raba ba. Ko kai, ko ɗanka, ko yaran, har kyanwar gidanku ma you ce."

Ya yi 'yar dariyar da ba ta kai ciki ba. "Har kyanwa," ya ce. Ya mayar da wayar aljihu a hankali. "Ki yi haƙuri, na tsayar da ke."

Washegari ta ji ƙwanƙwasarsa, irin ta mai jin nauyin mutane. Ta rage ƙarar rediyo, ta yi shiru da jan biro a hannu har ta ji ƙofarsu ta rufe. Ta ce a ranta idan ta gama makin nan za ta shiga da kanta.

Ba ta gama ba aka sauko da shi daga benen a kan kujera, numfashi na yi masa wuya. Ta yi niyyar zuwa asibiti ranar hutu. Kafin ranar ta zo, ɗansa ya tsaya a ƙofarta da jajayen idanu, ya ce, "Malama, Baba ya rasu."

Da mutane suka ragu, ta shiga gidan. Surukar tana zaune a ɗakin tsohon tana ninke kayansa. Ta share hawaye, ta miƙo wayar.

"Yaya, don Allah ki ji mana wannan. A asibiti ba abin da yake yi sai sauraronta. Ya sa a kunne, ta ƙare, ya sake. Na ce bari in kira ki, ya ce a'a, a bar Malama, aiki ya yi mata yawa."

Malama ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta karɓa, ta danna. Muryar ta faɗi abin da ta riga ta ji, sannan ta ci gaba. Ta yi maganar makaranta, da haƙorinta da ya fita. A ƙarshe, a hankali, kamar mai karanta abin da aka koya mata, ta ce, "Please take care of yourself."

Yourself ta ce, ba yourselves ba. Na mutum ɗaya. Kowace shekara Malama na rubuta wannan bambancin a allo, tana ja masa layi, tana rage wa yara maki idan sun haɗa su. Da ta bar saƙon ya kai ƙarshe a bakin ƙofar nan, da ya tafi da amsarsa.

"Me ta ce?" in ji surukar.

Malama ta kasa ɗaga kai. "Cewa ta yi ya kula da kansa."

"Allah sarki. Mu duka take gaisarwa ke nan?"

"A'a." Malama ta girgiza kai. "Da shi take. Shi kaɗai."

Surukar ta gyaɗa kai. Ta karɓi wayar, ta goge fuskarta da gefen zaninta, ta jona ta a caji kusa da gadon da aka riga aka yaye wa zanin gado. Hasken wayar ya ɗan tsaya a kan katifar, sannan ya mutu.