Neman Gafara Kafin Laifi

Shekara talatin da ɗaya dattijon ya yi yana wasan kwaikwayo a rediyo, kuma ba a taɓa sa shi neman gafara kafin ya aikata laifi ba. A can, kashi na ɗaya shi ke zuwa kafin na biyu. Amma a wannan shiri na talabijin, inda yake fitowa a matsayin maigida mai taurin kai, ɗaki ake bi, ba labari ba: duk abin da zai faru a falo, rana ɗaya ake ɗaukarsa. Don haka tun safe ya kori ɗansa, ya canja riga ya yi masa maraba, ya sake canjawa ya zagi surukin da bai kai ga auren 'yarsa ba tukuna.

Da yamma aka miƙo masa shafi guda daga kashi na ashirin. An rubuta cewa uban zai durƙusa gaban 'yarsa ya roƙi gafara.

"Yarinya, me na yi miki?" ya tambayi wadda ke fitowa a matsayin 'yar.

"Baba, ni ma shafina kawai aka ba ni. Amma yadda halinka yake a shirin nan, ai sai dai ka zaɓa."

"Gidan nan fa babu mutumin kirki sai kujerar nan," in ji mai kyamara.

Dattijon bai yi dariya ba. Ya nufi kusurwar da marubuciyar shirin ke zaune. Babbar 'yarsa ce ta cikinsa. Ita ta nemo masa aikin, ko da yake shekara shida ke nan gaisuwa kaɗai ke haɗa su, bai kuma taɓa tambayar dalili ba.

"Mamana, a zamaninmu mai laifi yakan san laifinsa. Kuma ban taɓa jin inda uba ya durƙusa wa 'yarsa ba."

"Laifin yana kashi na tara, Baba. A asibiti za a ɗauka, sai mako mai zuwa." Ba ta ɗago kai ba. "Matar maigidan na kwance, ta roƙe shi ya zauna. Ya ce ana jiransa a taro za a karrama shi, yanzu zai dawo."

"Ya dawo?"

"Ya dawo da lambar yabon. Ya tarar an ja mata mayafi."

Irin wannan lamba tana rataye a falon gidan dattijon, kullum yana goge ta. Ya rasa gane ko labarin shiri ake ba shi ko ƙararsa ake karantawa. Ya duba shafin. Ƙasan maganarsa babu komai.

"To, 'yar me za ta ce? Ban ga amsarta ba."

"Ban rubuta ba tukuna. Sai na ji yadda ya faɗa."

Darakta ya ce a kunna fitilu. Dattijon ya koma tsakiyar falon, ya dafa kujera, ya durƙusa, gwiwoyinsa suka yi ƙara. Ga yarinyar a gabansa ta shirya hawayenta. Ga 'yarsa can bayan kyamara, riƙe da biro.

"Baba, nan za ka kalla," in ji darakta.

Bai juyo ba, idonsa na kan 'yarsa ta bayan kyamara. Ya fara magana, kuma ko kalma ɗaya ba ta cikin shafin. Darakta ya ɗaga hannu zai tsayar da shi, sai marubuciyar ta ce, a hankali, "Ƙyale shi ya gama."