Abokin Hirar Baba Direba

Tun da yanar ido ta rufe idanun Baba Direba ya ajiye tuƙi, sai ya yi aboki a ƙofar gida, wani ƙato mai shuɗiyar riga wanda bai taɓa katse masa magana ba. Kullum da safe yakan ja kujera kusa da shi, ya zazzage masa labaran hanya.

"Baba, wai da wa kake hira?" in ji 'yarsa.

"Da mai hankali. Ke dai wuce."

Da ƙyar ta lallaɓa shi asibiti. Likita ta haska idon ta ce, "Yanar ido ce, Baba. Madubin cikin ido ne tsufa ya dusashe, kuma maganin ɗigawa ba ya wanke shi. Cirewa za mu yi, mu sa na roba, amma ido ɗaya za mu fara."

Washegarin aiki aka cire bandeji, ya ga 'yarsa tar, har ya ce ta tsufa. Da suka dawo gida ya yi wa abokinsa sallama, ashe tankin ruwa ne.

Ya juya wurin 'yarsa ya ce, "Gaya wa likita ta dakata da ɗaya idon. Ban san wa kuma zan rasa ba."