Taga Mai Kan Baka

Tun da dillalin ya buɗe ƙofar gidan, hankalin Mai Ɗinki bai kwanta da shi ba. Bakinsa kamar zuma, ga katin rajista na hukuma rataye a wuyansa, amma duk sanda ta kai ido sai ya sa yatsa ya juya shi. Ƙaninta da ya rako ta ya raɗa mata cewa zarginta ya yi yawa, ai tun da aka kafa dokar dillalai mai kati ba ya cin amana. Ita dai ta san kura ko an rataya mata kati, ba a ba ta ajiyar nama.

Sai dai ba ta da zaɓi. An ba ta zuwa ƙarshen wata ta tashi daga inda take haya, ga yara, ga keken ɗinki. Gidan kuma ya yi mata, har da famfo mai zuba.

A falo ta tsaya cak. Tagar doguwa ce siririya, samanta a lanƙwashe kamar baka, kuma a gefenta wani ya yi alamar awo da fensir. Gabanta ya faɗi. A makon jiya wata amarya ta kawo mata aikin labule, tana ta ɗoki, ta zana mata irin wannan tagar a takarda, ta ce sun gama biyan dillali, makulli kawai suke jira.

Dillalin ya ce gidan ya shekara babu wanda ya leƙo shi, amma gara ta ajiye kafin alƙalami yau, don masu so sun yi yawa.

"To, Alhaji, mu je ofishin hukumar," in ji ta. "A duba lambar katin nan, in biya a gabansu."

Ya yi dariya, ya ce wannan ai mai sauƙi ne, bari ya ɗauko babur a bakin titi. Suka jira har inuwa ta juya. Ƙanin ya kira wayarsa, a kashe.

"Yaya, Allah Ya tsare mu," ya ce, murya a sanyaye.

Ita kuwa babu wani daɗi da ta ji. Har yanzu ba ta da gida. A shago kuma labulen yana rataye, an goge shi tsaf, amaryar ta ce da yamma za ta zo karɓa.