Matakalar Bi Shumi

Tun ranar da Bi Shumi ta fara sauke baƙin hutu a gidan da ta gada, maƙwabciyarta Bi Tima ba ta ƙara yi mata dariyar da ta kai ciki ba. A Lamu da Bi ake girmama sunan mace, na namiji kuma da Bwana. Ni dai ban ga laifin Bi Tima ba. Gidajen tsibirin Lamu a manne suke da juna, kuma katangar da ta raba saman soron Shumi da na Tima ko ƙirjin mutum ba ta kai ba. Ga shi a garin nan saman soro wurin mata ne, nan suke ajiye mayafi su sha iska, su taje kai, su ci naman wadda ba ta zo ba.

Ana cikin haka bikin Swabra ya taso, jikar Bi Tima, wadda ta je Mombasa karatun jinya ta dawo da takardar shaida da kuma saurayin da ta zaɓo da kanta. Kwana biyar za a yi ana gyaran amarya a saman soro, kullum daga la'asar zuwa magariba, ana murje ta da garin sandal da furanni da man kwakwa, daga ita sai zani ɗaya. Ko ubanta ba ya ganin ta a wannan hali.

Bi Tima da kanta ta tako har zauren Shumi, aka ba ta tabarma ta ƙi zama.

"Shumi, na ji an ce kina da baƙi a makon nan."

"Mata da miji ne kawai, Yaya, daga Nairobi. Da alama mutanen kirki ne."

"Ban tambaye ki kirkinsu ba. Wallahi in na ga kan namiji ya leƙo ta katangar nan, ko hularsa ce kawai, da ƙafata zan je gun dattawan unguwa. Kin dai san sun daɗe suna neman dalili."

Shumi ta sani sarai. Sau biyu dattawa suna zama a kan gidanta, a zama na biyun suka ce ƙara ɗaya ta rage mata, in aka sake kawo ta, ba baƙon da zai ƙara kwana a gidan. Gidan kuwa shi ne cinta, shi ne shanta, tun rasuwar mijinta. Ta dafa ƙirji ta ce, "Na ɗaukar miki alkawari, Yaya." Bi Tima ta juya ta fita.

Dokar tana nan a rubuce, ita ce ta huɗu, a manhajar da ake kama ɗaki da kuma takardar da ke liƙe a bayan ƙofar baƙi: maza ba sa hawa saman soro daga la'asar zuwa magariba. Matsalar ita ce matakalar ba ta da ƙofa. Kakannin da suka gina gidan ba su taɓa zaton za a haifi namijin da sai an sa masa kwaɗo ba.

Baƙon sunansa Bwana Musembi, lauya ne, ƙato mai tumbi, irin mutanen da ko ruwan sha za su nema sai ka ɗauka hukunci suke yankewa. Matarsa Ndinda siririya ce, ba ta da yawan magana, sai kallo. Ranar farko, ladan na gama kiran la'asar, Shumi ta jiyo daga ɗakinta na ƙasa ana jan kujera a bene ana neman kyamara. Ta suri kujerar gogar kwakwa, mai magogi a bakinta, da faranti da kwakwa huɗu, ta haura da gwiwarta mai ciwo, ta dasa kujerar a tsakiyar matakalar soro, ta haye ta zauna. Matakalar ƙunci gare ta, mutum ɗaya ma sai ya karkata. Shumi kuwa, Allah ya yi mata jiki, ta cika ta dam.

Musembi ya fito da gajeren wando da kyamara a wuya, ya ja ya tsaya.

"Mama, ɗan matsa in wuce."

"Sannu da hutawa, Yallaɓai. Saman nan a rufe yake ga maza sai an kira magariba."

"In an kira magariba ai rana ta faɗi. Faɗuwar ranar na biya na zo gani. Hotonta kika sa a talla."

"Na sa. Na kuma sa doka ta huɗu a ƙarƙashinsa."

"Wa yake karanta wannan tarkacen? Dannawa kawai ake yi a wuce."

"Ashe har da lauyoyi?" in ji Shumi, tana gugar kwakwarta ƙarr, ƙarr. "Ni da na ɗauka ku ne kuke cewa mu talakawa kada mu sa hannu sai mun karanta."

Ndinda da ke bayansa ta yi wani ɗan tari wanda ba tari ba ne. Musembi ya cika ya batse. Ya yi mata bayani da Turanci, ya sake yi da Swahili irin na mutanen tudu mai kama da tafiyar jaki a kan tsakuwa. Ya ce wanda ya kama gida, gidan nasa ne har ranar tashinsa. Ya ce shi ba yaro ba ne, kuma ba ruwansa da matan maƙwabta, teku zai kalla. Da ya ga duk bai yi ba, ya zaro waya ya nuna mata.

"Kin san abin da zai sami gidan nan in na ba shi tauraro ɗaya tak a manhaja? In na rubuta abin da kika yi mini, sai dai ƙadangaru su kwana a ɗakunanki."

Nan ne fa maganar ta soke ta. Shumi tana tsoron taurarin nan kamar yadda take tsoron dattawa, don ta ga gidan da aka yi wa mugun rubutu ya yi wata uku ba baƙo. Hankalinta ya rabu har ta goge ɗan yatsa a bakin magogin. Daga sama kuma tana jiyo mata sun fara guɗa da waƙa ƙasa-ƙasa. Ta tsotse yatsan, ta ɗago ta dube shi.

"Rubuta, ɗana. Amma in hawa za ka yi, sai dai ka taka ni ka wuce. Ga ni nan."

Bai taka ta ba. Ya koma ɗaki ya bugo ƙofa har farar ƙasa ta zubo daga bango. Ita kuwa ta zauna daram har aka kira magariba, ta tashi da ƙyar, ƙafa ta yi tsami, ga kwakwa a goge wadda za ta ishi gidan suna.

Washegari ta dawo da tiren shinkafa tana tsinta. Musembi ya leƙo sau biyu, ya ga tana nan, ya yi tsaki ya koma. Can sai ga Ndinda ta fito ita kaɗai, ta tsaya tana murza gefen rigarta.

"Mama, ni ma an hana ni?"

"Ke namiji ce? Ɗauki zanen can ki yafa, ki hau abinki, 'yata."

Shumi ta karkata, Ndinda ta raɓa ta wuce. Ba a jima ba aka ji muryar wata daga cikin matan tana cewa baƙuwa ta ƙetaro mana, me take tsaye kamar an dasa ta. Ba ta sauko ba sai bayan magariba, hannu biyu a ɗage sun sha lalle har gwiwar hannu, tana ƙamshin sandal. Shumi na tattara tirenta ta jiyo su ta ƙofar da ba a rufe ba. Ndinda mai shiru-shiru ashe tana da baki.

"Ka san abin da ke can? Yarinya ce sa'ar 'yarmu Mwende, daga ita sai zani, kakarta na murza mata baya tana kuka. Katangar iya nan take. A kan wannan za ka tsaya da tumbinka da kyamara?"

"Ni teku na ce zan..."

"Teku tana bakin teku. Zo ka ba ni ruwa a baki, ba na iya taɓa komai."

Shumi ba ta ji amsarsa ba, saboda haka ba ta saki jiki ba. Namijin da matarsa ta yi wa faɗa, ba ka san inda zai huce ba.

Rana ta uku da safe aka aiko mata cewa ƙanwarta da ke Shela ta faɗi a banɗaki. Ta shiga jirgin ruwa ta tafi, da niyyar dawowa kafin azahar. Ta tarar targaɗe ne kawai, ta yi mata faɗan rashin kula, ta kamo hanya a kan lokaci. Suna tsakiyar ruwa injin jirgin ya yi tari ya mutu. Matuƙin ya kwance wannan, ya hura wancan, yana ta cewa yanzun nan, Mama, yanzun nan. Tana zaune a kan ruwa, garin na gabanta kamar ta miƙa hannu ta taɓa, ta ji masallatai sun ɗauki kiran la'asar ɗaya bayan ɗaya. Sai da hawaye suka zubo mata. Gida ya tafi, ta ce a ranta, kuma da bakinta ta yi alkawari.

Da aka jawo su zuwa gaɓa, Shumi ta manta da gwiwa. Ta kutsa lungu tana ture jakuna, mayafi na jan ƙasa. Tun daga zaure ta jiyo muryar maza biyu a bene, ɗaya ba ta san ta ba. Ta haura tana haki, ta dafa bango, sannan ta ga abin da ba za ta manta ba har ta mutu.

Bwana Musembi ne zaune a tsakiyar matakala, a kan kujerar gogar kwakwarta, ya hau ta a karkace, tumbinsa ya toshe hanya fiye da yadda ita ta toshe. A ƙasansa wani dogo ne da kyamara mai dogon baki, abokinsa Barasa, wanda ya sauka a otal ya biyo don Musembi ya cika masa baki tun a Nairobi cewa ya kama gida mai soron da ya fi na kowa.

"Haba mutumina, minti biyar kawai," in ji Barasa. "Mai gidan ma ba ta nan. Wa zai sani?"

"Doka ta huɗu. Ga ta can a bayan ƙofa, je ka karanta."

"Kai ne fa kake cewa dokokin gidan haya ado ne!"

"Na ɗaukaka ƙara na faɗi. In hawa za ka yi, sai dai ka taka ni."

Barasa ya dubi tumbin, ya dubi matakalar, ya ga ba riba. Musembi ya hango Shumi, ya ɗaure fuska don kada a raina shi.

"Kin makara, Mama. Kuma kada ki ɗauka don ke na yi. Na karanta abin da na danna ne, na ga kin fi ni gaskiya, ni kuwa ba na son shari'ar da na san zan faɗi." Ya ɗago hannu, duk gaɓoɓin yatsunsa sun kuje. "Wannan abin naku kuma mugu ne. Ta ina ake riƙe kwakwar?"

Shumi ta buɗe baki za ta yi godiya, dariya ta ƙwace mata, dariyar ta koma kuka, ta sulale ta zauna a ƙasa tana yi tana salati. Daɗi ne ya kama ta irin wanda rabonta da shi tun mijinta na da rai.

Sai ga Ndinda ta leƙo daga sama. "Mama, kakar amarya na kiran ki."

Musembi ya miƙe da ƙyar ya manne da bango, Shumi ta raɓa ta hau. Bi Tima na tsaye a jikin katanga, hannunta duk garin sandal, mata sun yi tsit a bayanta. Babu abin da ya wuce kunnensu, matakalar tana kai magana sama kamar bututu.

"Tun kiran salla nake jin wannan ƙaton yana faɗa da ɗan'uwansa," in ji Bi Tima. "Na san ba kya nan, na ga fitarki. Mayafina a hannu yake, ina jira in ga kai in nufi gun dattawa."

"Yaya, jirgi ne ya..."

"Rufe mini baki in gama. Shekara arba'in ina fama da maza a gidan nan, ban taɓa samun wanda ya bi dokata ba na nan ba. Ke kin samu a kwana biyu, kuma lauya." Matan suka kwashe da dariya, har amarya daga cikin lulluɓinta. "Dangin ango za su iso daga tsibirin Pate ranar Alhamis, maza takwas, ba su da ta ido. A da na rantse ba zan taɓa sauke kowa a gidanki ba, to zan yi azumin kaffara. Ki gyara musu ɗakunan ƙasa. In dattawa suna da magana, su zo su same ni."

Shumi ta gyaɗa kai tana share hawaye. Bi Tima ta miƙo mata hannu ta saman katanga.

"Ƙetaro mana, kin tsaya kina yi mini kuka a kan amarya. Kuma ki ce wa lauyanki kada ya tafi sai ya karanta wa mutanen Pate takardar nan da bakinsa."

Daga ƙasan matakala muryar Musembi ta taso. "Na ji, Mama. Su zo."

Shumi ta tattare zani, ta kama hannun Bi Tima ta ƙetara, mata suka rangaɗa guɗa har sai da tantabarun unguwa suka tashi.