Ni Ba Mai Sito Ba Ce

Sunana Rabi, amma a da in ka shigo makarantarmu ka ce Rabi kake nema, sai a yi ta kallon-kallo. Ka ce Malama mai sito kuwa, ko akuyar da ke kiwo a filin wasa sai ta nuna maka ƙofata. Makarantar 'yan mata ce ta jeka-ka-dawo, a gefen hanyar da ta fita daga Wudil ta nufi Utai, kuma aikin da aka ɗauke ni a kansa shi ne kula da laburare.

Baba Sabo maigadi ne ya raɗa mini sunan, kuma ba da mugunta ba. Shi a wurinsa duk ɗakin da ke da kwaɗo sito ne. Ɗakina kuwa yana da kwaɗo kamar dunƙulen hannu, da ƙyauren katako mai kauri tun na ginin farko. A duk makarantar ɗaki biyu ne kaɗai ba sa yoyo kuma suke kulluwa, nawa da ofishin firinsifal. To, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tun ranar da aka kawo karyayyun bencina aka ce in ajiye zuwa ƙarshen mako, komai ya gane hanya: tukwanen bikin yaye ɗalibai, fatanyun gonar makaranta, tsohuwar ragar ƙwallo, har da ƙararrawar da ta tsage. Littattafai suna can kan kanta a bayan wannan tarkacen. Dokar firinsifal, Malam Garzali, ita ce kada ko ɗaya ya fita, don ranar da masu duba kaya suka zo a same su cif. Na yi ƙorafi har bakina ya gaji, shi kuma kullum amsarsa ita ce za a duba.

Da damina ta faɗi sai wata ƙungiyar ma'aikatan laburare ta shirya mana bita a wani ɗakin taro kusa da gada. Na kai wa Malam Garzali takardar gayyata, ya karanta yana murmushi.

"Malama Rabi, ke kuma me za a koya miki? Buɗe kwaɗo?"

"Ranka ya daɗe, ai ko kana da kyau ka ƙara da wanka."

Ya yi dariya ya sa hannu. Na fito ina cizon leɓe, don na san a ransa yawon shan lemo ya sallame ni.

Wadda ta jagoranci bitar malama ce daga jami'ar garin, Dakta Juwairiyya, 'yar firit da ita amma muryarta ta cika ɗakin ba tare da lasifika ba. Abubuwan da ta koya mana ba na sama ba ne. Ta nuna mana yadda ake liƙa wa bayan littafi ƙyalle da gam in ya ɓalle, da yadda za a sa wa kowane fanni launinsa a gadon baya don yarinya ta gane wurin abin da take so ba sai ta tambaya ba. Ta sa kowannenmu ya tashi ya karanta labari da ƙarfi kamar a gaban aji, muka yi ta yi wa juna dariya, musamman wani dattijo da ya karanta tatsuniya da muryar sanarwar rasuwa. Rabon da in ji daɗin aikina irin haka har na manta.

Ana cikin haka ta ce kowa ya fito da makullinsa ya ajiye a tebur. Muka tara su tsibi guda. Ta tsaya tana kallonsu, sannan ta ce, "Sito ana yabonsa in abin da aka zuba bai fita ba. Laburare kuwa in littafi bai fita ba, ya mutu. Kowa ya tambayi kansa wanne yake gadi."

Mutum ɗaya ne bai ajiye komai ba, Malam Halliru, daga wata makaranta wajen Darki. Dakta ta ce, "Malam, ina naka?"

"Yana hannun ɗan kwangila, Dakta."

Aka fashe da dariya. Shi bai yi ba. Ya ce siminti aka kawo, aka ce na ɗan lokaci ne, aka zuba littattafai a kwalaye aka jingine a bango. Gini ya kai taga ya tsaya. Simintin ya daskare, gara ta shiga kwalayen ta yi abin da ta saba. Yanzu aikinsa kaɗa ƙararrawa da tsaron masu shara. Ya ce ya zo bitar ne kawai don kada ya manta sunan aikinsa. Daga nan ba wanda ya ƙara dariya, ni kuwa tausayinsa da tsoro suka kama ni.

Na dawo makaranta da zafina. Na fitar da tukwane da fatanyu na jera a baranda, na share, na fara sa wa littattafai launi. Ban kai ga rabin kanta ba Malam Garzali ya aiko a kira ni. Na same shi fuska a sake, ya ce an ba da kwangilar sabbin ajujuwa.

"Alhamdu lillahi, ranka ya daɗe."

"Gobe za a kawo siminti. A gyara sito."

Na ji kamar an watsa mini ruwan randa. Na ce, "Wane siton?"

"Sito nawa gare mu, Malama?"

"Ranka ya daɗe, laburare ne. Ƙurar siminti ba ta barin takarda, kuma yara..."

"Yaran da ba sa shiga? Ki sa littattafan a kwali. Na ɗan lokaci ne."

Na ɗan lokaci! Har kalmomin ma irin na Malam Halliru ne, kamar a makaranta ɗaya aka koyar da su. Na so in ce masa ai dokarsa ce ta hana yaran shiga, amma na ga ya riga ya mayar da ido kan wayarsa. Ya ƙara da cewa shi ba abin da yake so a ɗakin nan sai ƙyauren da kwaɗon, don ɗan kwangila ba zai ajiye kayansa inda ba a kullewa ba. Na ce masa na ji. Kuma wallahi na ji ɗin, fiye da yadda yake zato.

Da aka tashi ban wuce gida ba, na hau adaidaita sahu zuwa bakin kasuwa, rumfar Tasi'u kafinta, mijin ƙanwata Bilkisu. Bayan mun gaisa, na tambayi Bilkisu da yara, na faɗa masa abin da nake so. Ya ajiye zarto ya riƙe haɓa.

"Yaya, kayan gwamnati ne fa."

"Na ce ka sata ne? Ko taku ɗaya ba zai bar ɗakin ba. Ya gaji da tsayuwa ne, kwantar da shi za mu yi."

"In aka kore ki fa? Bilkisu ba za ta bar ni in sha ruwa ba."

"In aka kore ni ka koya mini kafinta. Ka zo da sassafe."

Ya zo yana ta salati, amma ya zo. Ya kwance ƙusoshin da ke riƙe da ƙyauren, muka kwantar da shi a tsakar ɗaki ni da shi, da ƙyar, don nauyinsa ya kai na ɗan maraƙi. Ya ciro ƙafafu daga karyayyun bencinan nan da suka shekara suna cin wurina, ya kafa masa. Sai ga tebur, gajere mai faɗi, irin wanda na yi shekaru ina roƙo ana ce mini za a duba. Na shimfiɗa tabarmi kewaye da shi. Baba Sabo ya leƙo ya ga ramin ƙofa fayau, ya ce, "Malama mai sito, ɓarayi ne?" Na ce masa a'a, gyara ne.

'Yan aji uku ba su da malami a darasin farko, kamar kullum. Na je na kwaso su. Suka tsaya cirko-cirko a bakin ƙofa, don wasunsu tun shigarsu makarantar ba su taɓa ganin cikin ɗakin ba. Na ce kowa ta ɗauki wanda ranta ke so, kore labarai ne, ja kimiyya. Da farko suna taɓa littattafan kamar za su ƙone su. Can sai ɗakin ya cika da ƙarar buɗe shafi da 'yan raɗe-raɗe, ni kuma na zauna a gefe. Ina jin tsoro, ba zan ɓoye ba, amma ko kusa ban yi nadama ba.

Wajen hantsi hadari ya haɗo daga gabas baƙi ƙirin, kuma a daidai lokacin motar a-kori-kura ta shigo da siminti, ba ko tamfol a kai. Malam Garzali ya taho gaba yana nuna hanya, yaron ɗan kwangila, wani ƙato mai suna Magaji, yana biye. Ya iso ya yi turus.

"Malama Rabi, ina ƙofar?"

"Ga ta nan, ranka ya daɗe. Ana karatu a kanta."

Ya dubi teburin, ya ga wurin rataya kwaɗo yana leƙowa a ƙarƙashin gwiwar hannun wata yarinya. Fuskarsa ta yi abin da ban taɓa ganin ta yi ba.

"Da izinin wa?"

"Ba ka hana ba, ranka ya daɗe. Ka ce a gyara, na gyara."

"Ku tashi! A mayar da ita yanzu!"

Yaran suka dube ni. Na ce, "Ku ci gaba da karatunku." Ba wadda ta motsa. Tasi'u kuwa tuni ya kai bakin kasuwa da kayan aikinsa, don ya ce shi ba zai tsaya kallon abin da zai biyo baya ba.

Magaji ya leƙa ɗakin, ya ɗaga kai ya dubi sama, ya ce, "Yallaɓai, ni fa ba zan sauke kayan maigida a ɗakin da ba ƙyaure ba. Kafin Juma'a sun bi 'yan kasuwa. Kuma ga ruwa nan, in ya taɓa buhun nan ni da kai ne. Ina wani ɗakin mai kulle?"

Kowa a wurin ya san amsar, har yaran. Yayyafi ya fara sauka a kan kwano. Malam Garzali ya juya, ya zaro makullin ofishinsa daga aljihu. Na bi shi da kwaɗona da makullinsa, na miƙa da hannu biyu cikin ladabi.

"Ga na sito, ranka ya daɗe, a ƙara a can. Ni ba ni da abin kullewa."

Kada wani ya zaci na ci bulus. Takardar tuhuma ta zo, na amsa ta a kan sabon teburin, na ce kayan makaranta yana cikin makaranta kuma bai taɓa yin aiki kamar yanzu ba. Da zagaye na biyu na bitar ya zo, Malam Garzali ya cire sunana ya tura malamin motsa jiki. Wannan ta yi mini ciwo ƙwarai, har kuka na yi a gida, don a zagayen ne Dakta Juwairiyya za ta koyar da yadda ake jawo iyaye mata su riƙa zuwa karatu, kuma na ci burin abin. Akuya ta shigo ta cinye bangon littafin taswira kafin Tasi'u ya yi mini ɗan shinge iya gwiwa, na rataya asabari a sama. Wasu littattafan sun fita ba su dawo ba. Waɗanda suka dawo sun dawo da tabon manja da ƙanshin hayaƙi, wani ma da saƙon wata uwa daga Kausani cewa a aiko mata da ci gabansa.

Malam Garzali ya rantse ranar da aka gama gini ƙyauren zai koma inda yake. Ginin dai ya kai taga ya tsaya. Shi kuma yana nan yana aiki a ofishinsa a tsakanin buhunan siminti, in ya fito taron safe hularsa fari fat, ba mai iya gaya masa.

Kwanakin baya ina liƙa bayan wani littafi sai na ji mota ta tsaya a bakin makaranta, wani ya kawo bokitan fenti. Na ji ya ɗaga murya yana tambayar Baba Sabo, "Baba, ina sito?"

Har na ajiye gam na fara miƙewa, don jiki ya saba. Ta cikin asabari na hango Baba Sabo ya ɗaga sandarsa ya nuna ofishin firinsifal.

Mutumin ya nuno ɗakina. "Wancan fa mai labule?"

"Kai, kada ka dosa can da kaya," in ji Baba Sabo. "Laburare ne. Malama Rabi tana aiki."

Na koma na zauna, na ɗauki gam ɗina.