Littafin da Gurgen Bai Rubuta Ba

Kwana arba'in da binne Gurgen, sai ga Hrayr a gidan Siranush, matar marigayin, a garin Ashtarak. Ya same ta a tsakar gida tana shanya ɓaure. Hrayr ɗan mai gidan barasar inabi ne, inda Gurgen ya yi shekara talatin da huɗu yana shirya wa manyan baƙi tebur. A ce masa ga barasar da ta shekara goma ko ashirin a ganga, shi kuma ya faɗi abin da za a ci da ita. Har daga Mosko ake zuwa saboda teburinsa.

"Inna Siranush, littafin marigayi na zo karɓa," in ji Hrayr bayan gaisuwa. "Ran Asabar za mu buɗe gangar shekara arba'in don tunawa da shi."

"Wane littafi kuma?"

"Wanda yake rubuta sirrin aikinsa mana."

"Ɗan nan, Gurgen ko wasiƙa bai taɓa rubuta mini ba."

Ta goge hannu da zaninta, ta gaya masa abin da ba ta taɓa gaya wa kowa ba. Tun shekara ta biyu da aurensu wani zazzaɓi ya kashe wa Gurgen hanci, ko hayaƙin murhu ba ya ji. Duk sanda aka buɗe ganga, sai ya ɗuro kaɗan a 'yar kwalba ya sako a aljihun kwat. Ita za ta shinshina, ta ɗiga a harshe, ta ce wannan barasar ɓaure take so da zuma, waccan kuma cuku mai gishiri. Washegari ya tsaya gaban baƙi, hannu a ƙirji, ya maimaita.

Hrayr ya yi dariya har da tafa cinya.

"Haba Inna! Ke da ko a biki ba kya ƙarasa kofi ɗaya? In abokan gasarmu na Armavir kika ba littafin, ki faɗa kawai."

"Kawo mini cokali ɗaya daga gangar, ka ga aiki."

"Wannan fa ba miya ba ce, Inna."

Ya shige motarsa ko sallama babu.

Ran Asabar a gidan barasar aka zaunar da ita can ƙarshen tebur, ƙarƙashin hoton mijinta. Hrayr ya ɗauko wani kuku daga Yerevan, shi kuwa ya cika faranti da busasshen nama mai tafarnuwa da hulba, da kabeji mai tsami. Da aka ajiye mata kofinta, ta kai shi hanci. Ta ji zabibi, ta ji tsohon katako, can ƙasa kuma wani ɗan ɗaci mai taushi. Nan take ta san abin da barasar nan ke nema: gasasshiyar kabewa da zuma, ba wani abu ba. Ta buɗe baki za ta faɗa, ta dubi Hrayr, ta fasa.

Baƙi suka cika baki da tafarnuwa, suka kora da barasar da ta girmi rabinsu, suna gyaɗa kai suna yabo. Siranush ta san babu wanda ya ji komai in ban da zafi a maƙogwaro. Wani tsoho daga cikinsu ne kawai ya ajiye kofi ya yi tsaki.

"Da sauran abu. Gurgen ya tafi kabari da sirrinsa."

"Ko kuma yana ƙasan akwatin wata," in ji Hrayr da ƙarfi, idonsa a ƙarshen tebur.

Kowa ya juyo. Wata mata ta yi ƙasa da murya, amma Siranush ta ji: "Rowa har da ta mamaci."

Ta ɗaga kai ta dubi hoton. Shekara talatin da biyu tana rufa masa asiri, ko sau ɗaya bai ce wa baƙo, "Matata ce ta faɗa" ba. A da takan ce ba komai. Yau ta gane da komai.

Ta tashi a hankali, ta bar kofin cike, ta tako gida a ƙasa, rana na dukanta. Ta yanka kabewa ta gasa, ta zuba zuma, ta ci a tsaye da ruwan sanyi.

Washegari a coci, matar mai gidan barasar, wadda suka shekara talatin suna zama benci ɗaya, ta ɗauki jakarta ta koma layin gaba.